Nonon Ma'u

Kwana uku da haihuwar Ma'u, Gwaggo Habsatu ta ce a kawo ludayi za a gwada nono.

Bazara ce, a wani ƙauye gabas da Matankari, zamanin da Faransawa ke kwasar majiya ƙarfi zuwa aikin hanyar Dogon Dutsi. Illo, mijin Ma'u, yana cikin waɗanda gardi, dogaran Faransawa, suka tasa gaba, lokacin cikinta na wata bakwai. Haihuwar fari kuwa gida ake zuwa, a yi wankan kwana arba'in a hannun uwa. To, Ma'u ba ta da uwa. Gidan da take da shi shi ne na Gwaggo Habsatu, yayar ubanta, wadda ta ɗauke ta riƙo tun shekarar da fara ta cinye gero, tana 'yar shekara biyar. Nan ta dawo da ƙunshin zannuwanta, ta durƙusa a ƙofar ɗaki kamar yadda ta saba, ba ta shiga ba sai da aka ce ta shiga.

Gwajin nono ba baƙon abu ba ne, kowace mace ta san shi. A matsa nonon mai jego a ludayi, a jefa tururuwa. In ta yi iyo ta fita, nono lafiya lau, a miƙa wa uwa ɗanta. In ta mutu a ciki, nono mugu ne, sai an yi magani. Maƙwabta biyu suka shigo kallo, suka zauna bakin gado suna fifita da gefen zane. Jaririn yana hannun ɗaya daga cikinsu, namiji ne, jajir da shi, yana ta wawurar iska da baki.

Ma'u ba ludayin take kallo ba, yatsun Gwaggo take kallo. Tun tana ƙarama yatsun nan take fara dubawa kafin fuska, su ke gaya mata ko yau akwai duka. Saboda haka ta ga lokacin da Gwaggo ta ɗauko tururuwar daga bakin ƙofa, ta ga babban yatsa da manuni sun haɗu sun ɗan murza. Aka saki tururuwar cikin nono. Ko motsin ƙafa ba ta yi ba, ta kwanta a gefe guda tana yawo a saman ludayi.

"Ai na sani," in ji Gwaggo, ta ɗaga ludayin kowa ya gani. "Mugun nono na. Uwarta ma biyu ta kashe kahin ita."

Ɗaya maƙwabciyar ta ce, "A sake da wata mana, Habsatu."

"Tururuwa nawa za mu kashe kahin ku yarda? Ni na riƙe yarinyag ga, na san abin da ke jikinta. Tukunya ta taɓa, ta fashe. Akuya ta kiwata, ta mutu. Yanzu ɗan mutum za ni miƙa mata?"

Maganar ta zo har bakin Ma'u. Gwaggo, kin murje ta. Kalma huɗu kacal. Amma wanda aka yi shekara goma sha uku ana ce masa ƙarya yake duk lokacin da ya ce ya gani, ranar da ya ga gaskiya ƙuru-ƙuru ma sai ya tsaya yana tambayar idonsa. Ma'u ta ce a ranta, wataƙila haka ake riƙon tururuwa, wataƙila hayaƙin ɗaki ne ya rufe mini ido. Ta sunkuyar da kai ta ja zane ta rufe ƙirjinta, aka wuce da yaron ɗakin Gwaggo.

Daga ranar aka sa shi a madarar shanu. Wata Bafulatana mai suna Hawwa'u ke kawo ta kullum da hantsi daga rugarsu, 'yar kaɗan a ƙoƙo, don shanu sun rame, yawancinsu ma an yi kudu da su neman ciyawa. Ɗura ake yi masa. Gwaggo ta kwantar da shi a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa ta cika da madara, ta toshe masa hanci da yatsa, in ya buɗe baki neman numfashi sai madara ta wuce. Yana haɗiya yana shaƙewa, ƙafafunsa na harbin iska. Abin da ya rage a ƙoƙo a rufe da faifai a ajiye don la'asar, a cikin zafin da ko ruwan randa sai ya yi ɗumi.

Ita kuwa Ma'u wanka ake mata safe da yamma, ruwa na tafasa a tukunya, Gwaggo na tsoma ganye tana fyaɗa mata a baya. Ba za a ce ba a kula da ita ba, kunun kanwa ma ba a hana ta ba. Sai dai kunun nan shi ke ƙara kawo nono, ƙirjinta ya cika ya yi tauri kamar dutsen niƙa, ko hannu ba ta iya ɗagawa sosai. Gwaggo ta ce ta riƙa zagayawa bayan rumbu tana matsewa a ƙasa, ta tura ƙasa ta rufe kada kaji su sha. Haka take yi. Tana durƙushe tana zubar da nono a turɓaya, tana jin kukan ɗanta ta cikin dangar kara, kuma da ya tsala kuka sai nonon ya ƙara tsinkowa da kansa ya jiƙe mata zane.

Ga kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. A gidan da ake son mai jego, kunyar nan abin dariya ce, a miƙo mata shi tana noƙewa ana tsokanarta. A gidan Gwaggo kuwa ita ce ta zama ƙofar da aka rufe. In Ma'u ta leƙa ɗakin sai a ce, "Rashin kunya za ki gwada muna? Ɗan hwari kike leƙe?" Sai ta koma da baya ta zauna.

Ranar suna aka yanka ɗan akuya, liman ya raɗa masa Usman, Gwaggo ta ce Mani za a riƙa ce masa. Ta goya shi ta fita tsakar gida mata suna ta yi mata barka, kai ka ce ita ta yi naƙudar. Matar nan ba ta taɓa haihuwa ba, kuma wannan ba laifinta ba ne, Allah ne bai ba ta ba. Amma a fuskarta ranar nan akwai abin da Ma'u ta gane, irin kallon da take wa duk wani abu da ya shigo gidan, kaza ce ko ƙwarya, kallon nawa ne.

Da mutane suka watse aka sake gwaji, don Ma'u ta sha jiƙon sassaƙe kwana huɗu, mai ɗaci har cikin kunne. Wannan karon daga ita sai Gwaggo. Tururuwa ta biyu ma ta mutu.

"To, wanga ya wuce sassaƙe," in ji Gwaggo. "Aljana Doguwa ta taɓa shi. Da kinka zo da ciki, ba ƙarƙashin tsamiyar bakin hwadama kinka bi da tsakar rana ba?"

Ta bi. Itacen wanka aka aike ta ta ɗebo, kuma Gwaggo ce ta aike ta, da cikin wata tara a gabanta. Ma'u ta ce, "Na bi, Gwaggo. Ki gafarce ni."

Kwana tara, zawo ya kama yaron. Kwana goma, fatar cinyarsa ta fara tattarewa. Kukansa da ke cika gida ya dawo siriri, kamar na ɗan kyanwa. Kullum da yamma hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta taso ta kaɗa shara, sannan ya watse ba ɗigo ɗaya, gari ya ƙara ɗaukar zafi. Ma'u ta samu Gado, mijin Gwaggo, yana zaune a inuwar zaure yana gyaran ƙotar hauya. Mutum ne mai sanyi, bai taɓa dukanta ba, bai kuma taɓa hana a doke ta ba. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, yaron ga kamar shina ramewa."

Bai ɗago ba. "Gwaggonki ta sani?"

"Ta sani."

"To mi kike so in yi? Wagga magana ta mata ta. Ni na san hauya, ban san jego ba. Ki yi haƙuri, ki bi abin da anka ce miki. Ba ita ta rene ki ba? Ga ki nan ba ki mutu ba."

Ga ki nan ba ki mutu ba! Kai jama'a, da wannan kalma aka binne yara nawa a ƙasar nan? Ma'u ta ce to, ta tashi.

Sau ɗaya Gwaggo ta ba ta yaron, ranar da za ta kwashe tuwo ba wanda zai riƙe. Ma'u ta karɓe shi. Ba ta san ya yi rashin nauyi haka ba. Yaron ya ji ƙamshin nono, ya juya kai yana goga baki a zanenta, yana nema da ɗan ƙarfin da ya rage masa. Tsoro ya kama ta, ta miƙar da hannuwanta ta nisanta shi da ƙirjinta kada ko ɗigo ya taɓa leɓensa. Ya fashe da kuka. Gwaggo ta yar da mara ta zo ta fizge shi.

"Dubi! Ko riƙo ba ki iya ba. Yaro na lahiya lau a hannuna, kin taɓa shi ya ɓare baki. Shi ma ya san ki."

Ma'u ta yarda. Wallahi ta yarda, har cikin zuciyarta. Ta koma ɗaki tana duban hannuwanta, tana ƙin su.

Rana ta goma sha uku sai ga Illo. Kwana ɗaya aka ba shi, ya taso daga wajen aikin tun asuba a ƙafa. Ya rame, tafin hannunsa duk ya tsattsage da fasa dutse. Ya durƙusa a zaure ya gai da surukai, kansa a ƙasa. Gwaggo ta fito da yaron a naɗe cikin zane har ka, ta ɗan buɗe fuskar ta rufe, ta ce barci yake. Shi ma ɗan farinsa ne, kuma a gaban surukai yake, ina zai ce a buɗe masa ya duba? Ya yi godiya, ya yi ta godiya.

Da zai tafi ne ya zagaya ta bayan danga, inda karan ya ɗan buɗe, ya yi gyaran murya. Ma'u ta zo ta tsaya ta ciki. Ya zura hannu ya miƙa mata sabulu guda da 'yan dabino a ƙulle a tsumma.

"Kin rame," ya ce. "Ana ba ki abinci?"

"Ana ba ni."

"Shi fa? Na ga hwuskarshi 'yar ƙarama. Shina shan mama sosai?"

Illo mutumin kirki ne. Shekara guda da rabi suna tare bai taɓa ɗaga mata murya ba. Amma Ma'u ba ta taɓa sakin jiki da kirkin nan ba, kullum gani take kuskure ne ya yi, bai gama ganin ko wace ce ita ba, kuma ranar da ya gani zai tattara mata kayanta. In ya yi shiru sai ta kwana tana neman laifin da ta yi. In ya yi dariya da wata a bakin rijiya sai ta ce a ranta ranar ta zo. Yanzu ga shi yana tambaya, fuskarsa a ramin danga, idonsa cike da yarda. Ta ce masa me? Matarka mai mugun nono ce, Doguwa ta taɓa ta, ɗanka ma ba ya son hannunta? Ta ga bayansa yana tafiya ba waiwaye, ta gan shi sarai kamar ya riga ya faru.

"Shina sha," ta ce.

"Alhamdu lillahi. In akwai wani abu ki hwaɗa mini, Ma'u. Akwai likita a Dogon Dutsi, na ga mata na kai yara. Ko a kahwaɗa sai in ɗauke ku."

"Babu komi. Ka tahi kada gardi su doke ka."

Ya tafi. Ta tsaya riƙe da sabulu har ƙurar ƙafarsa ta kwanta, sannan ta zagaya bayan rumbu ta matse nonon da ya cika.

Kwana goma sha bakwai, maɗigar yaron ta faɗa, ta yi rami kamar an danna da yatsa. Idanunsa sun shige ciki. Gwaggo ta shafa masa wani baƙin magani a ka, ta ce haƙora ne za su fito masa da wuri. Ranar kuwa aka yi rasuwa a danginta a Matankari, ba yadda za ta yi ta ƙi zuwa, kuma ba a shiga gidan gawa da ɗanyen jariri. Ta yi masa ɗura da sauran madarar jiya, ta kwantar da shi a ɗakinta.

"In ya yi kuka ki kaɗa mishi faifai daga nesa. In Bahillata ta kawo madara ki ruhe ki aje. Kada in dawo in ji wani labari."

Da hantsi Hawwa'u ta yi sallama. Kullum a bakin zaure Gwaggo ke tare ta, yau ne karon farko da ta shigo tsakar gida. Mace ce doguwa, ta manyanta, ta haifi takwas ta binne biyu. Ta sauke ƙwarya, ta dubi zanen Ma'u da ya jiƙe a ƙirji, ta dubi ƙofar ɗakin da ɗan siririn kukan ke fitowa.

"Ke ce uwar yaron da nike kawo ma madara? Ni ce mini anka yi uwar ba ta da ruwan nono."

"Akwai, Inna. Mugu na."

"Wa ya ce?"

Ma'u ta gaya mata. Hawwa'u ta shiga ɗakin ba tare da neman izini ba, ta buɗe yaron. Ta daɗe tana kallonsa. Da ta fito, fuskarta ta sauya.

"Kawo ludayi."

Ta sa Ma'u ta matsa. Ta tsinko ɗan karan tsintsiya ta ajiye a hanyar tururuwa, ɗaya ta hau, ta kai karan bisa ludayi ta girgiza, ba ta taɓa ta da hannu ba. Tururuwar ta faɗa, ta yi ta harba ƙafafu, ta kai gefe, ta hau, ta bi ƙotar ludayin ta sauka ƙasa ta kama gabanta. Hawwa'u ta sake da ta biyu. Ta sake da ta uku. Duk suka fita.

"Kin gani da idonki?"

"Wataƙila waɗanga masu ƙarhi na, Inna."

Hawwa'u ta riƙe baki. "Yarinya, wa ya yi miki haka? Saurara. Mu da muke da shanun ba mu ba ɗan kwana bakwai madararsu in uwarshi na da rai. Ɗan maraƙi ma nonon uwarshi shike sha. Yaron ga yunwa da zawo za su kashe shi, ba ke ba. Ɗauko shi."

"Gwaggo ta ce..."

"Ɗauko ɗanki!"

An saba yi wa Ma'u tsawa, kuma in an yi tsawa jikinta ke bi kafin ta yi tunani. Ta ɗauko shi. Hawwa'u ta zaunar da ita, ta gyara mata hannu, ta tallafo kan yaron, ta matsa ɗigo biyu a leɓensa. Da farko bai motsa ba. Can sai ɗan harshensa ya fito. Ya kama. Ja ɗaya, ya huta, ja biyu, ya huta, ba ƙarfi, amma yana haɗiya, tana jin haɗiyar a jikinta. Hannunsa ya buɗe ya kwanta a ƙirjinta. Ma'u ba ta taɓa jin daɗi irin wannan ba tunda aka haife ta, kuma daɗin ya ba ta tsoro. Hawaye na zuba, ta sunkuya ta kira sunan da kunya ta hana ta kira, a hankali, sau ɗaya.

"Ki yi ta ba shi, kaɗan kaɗan, ko bai nema ba," in ji Hawwa'u. "Kada a sake yi mishi ɗura, ba shi da ƙarhin haɗiye ta. Ya yi nisa, ba ni ɓoye miki. Gobe in na zo mu goya shi mu kai likita, ko Gwaggonki ta so ko ta ƙi." Ta ɗauki ƙwaryarta. Madarar ranar ta riga ta zuba a ƙoƙo, ta bar ta nan don kada a ce ta hana.

Sau uku Ma'u ta ƙara ba shi kafin azahar ta wuce. Da ta ji muryar mata a hanya sai ta zabura ta mai da shi inda aka bar shi, ta goge masa baki, ta gyara zanen yadda yake, ta koma ɗakinta kamar wadda ta yi sata.

Gwaggo ta shigo da la'asar a gajiye. Ta buɗe ƙoƙon madara, ta shinshina. Madarar ta wuni cikin zafi, ta fara tsinkewa, ruwa a sama gudaji a ƙasa. Ta kaɗa ta da yatsa ta ce ba komai, yaro ya wuni da yunwa, yau sai ya shanye duka. Ta kwantar da shi a cinya ta tara hannu.

Ma'u tana tsaye a bakin ƙofa. Ta buɗe baki. Gwaggo ta ɗago ido ta dube ta, kallo ɗaya, irin wanda ta sani tun tana 'yar shekara biyar. Bakin ya rufe kansa.

Aka toshe hancin. Yaron bai harba ƙafa ba wannan karon. Madarar ta shiga, ta dawo ta hanci da baki, ya yi wani irin tari da bai fita ba, fuskarsa ta yi duhu. Gwaggo ta kifa shi tana bubbuga baya. Numfashin ya dawo, amma da wata ƙara a ƙirji kamar ruwa na tafasa a ƙaramar tukunya. Da wannan ƙarar ya kwana. Washegari rana ta ɗaga kaɗan, mata na dawowa daga rijiya, ƙarar ta tsaya.

Gwaggo ta yi kuka, kuka na gaske, har da birgima, don ta so yaron nan irin son da ta iya. Maƙwabta suka cika gida. Ana cikin haka Ma'u ta rarrafo ta dafa ƙafar Gwaggo. Ba wanda ya tambaye ta, ba wanda ya zarge ta, ba wanda ya ma san abin da ya faru jiya. Ita ce ba ta iya riƙe laifi a ciki, an koya mata tun tana yarinya cewa duk abin da ya lalace a gidan nan ita ce, kuma gara ta faɗa da bakinta kafin a gano.

"Gwaggo, na ba shi. Jiya da kinka tahi na ba shi nono. Sau huɗu."

Gwaggo ta daina kuka, ta share fuska, ta miƙe zaune.

"Kun ji ko? Kun ji da kunnenku? Kwana goma sha huɗu ina hwama da yaron ga shina raye. Wuni guda na ba da baya."

Daidai nan Hawwa'u ta shigo da zanen goyo a kafaɗa. Ta ga abin da aka naɗe a tabarma, ta ji abin da ake faɗa. Ta ɗaga murya ta ce ƙarya ne, nonon yarinyar nan lafiyarsa lau, tururuwa uku sun fita a gabanta, ɗura ce ta kashe shi. Gwaggo ta nuna ta da yatsa ta ce ga wadda ta zuga ta nan. Gado ya taso daga zaure ya ce, "Baiwar Allah, gidan rasuwa na, ki tahi da fitinarki." Mata suka raka ta waje da harara. Tana fita tana kiran Ma'u, tana cewa ba ke ba ce, kin ji, ba ke ba ce. Ma'u ba ta ɗago kai ba.

To, wa za a kai ƙara, kuma gaban wa? Ba a ga jini ba, ba a ga sanda ba. Maƙwabciyar da ta ce a sake gwaji ta san abin da ta gani, amma da Habsatu za ta ci gaba da zama, ta yi shiru. Gado ya ce kwana ne ya ƙare. Liman ya ce haƙuri. Duk garin sun san yadda aka reni Ma'u, sun ji kukanta shekara da shekaru ta bayan danga, suna cewa tarbiyya ce, marainiya sai da horo. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin cewa yarinyar da ake gaya wa kullum ba ta iya komai ba, wata rana za a ɗora mata jariri a cinya. Duka ya daɗe da warkewa a bayanta, amma ya bar ta ba ta yarda da idonta ba, ba ta yarda da hannunta ba, ba ta yarda akwai mai sonta da zai ji gaskiya ya zauna ba. Ni a wurina tun tana 'yar shekara biyar aka fara kashe yaron nan.

Aka ƙarasa mata wanka, don ko ɗa ya mutu sai an cika arba'in. Aka ɗaure mata ƙirji da tsumma har nonon ya ƙafe. Ruwan farko ya sauka, aka sallami masu aikin hanya su je su yi shuka, Illo ya zo ɗaukar matarsa. Labari ya riga ya same shi, har da na Hawwa'u, don ya bi ta rugar ya ji daga bakinta. Ya samu Ma'u a tsakar gida ta ɗaure kayanta, Gwaggo na zaune a ƙofar ɗaki tana tsinkar zogale. Bai damu da surukuta ba ranar nan, ya tsuguna gaban matarsa.

"Na ji komi," ya ce. "Ba laihinki ba na. Da kin hwaɗa mini a bakin danga, da ban tahi na bar ku ba. Amma ya wuce. Tashi mu tahi gida. Allah shi ba mu wani, ki shayar da abinki da kanki, ba mai karɓe miki."

Ma'u ta dube shi. Ta ga da gaske yake, kuma abin ya ba ta tausayinsa, mutumin kirki da har yanzu bai gane ba.

"In Allah ya ba mu wani," ta ce, "ranar da anka haihe shi ka kawo ma Gwaggo. Kada ka bari in taɓa shi. Ka yi mini alkawari."

Illo ya juya ya dubi Gwaggo.

Gwaggo Habsatu ta ajiye zogalen. Ta dubi Ma'u, fuskarta ta saki, muryarta ta yi laushi.

"Yau kin yi hankali, ɗiyata. Allah shi yi miki albarka."

Shekara goma sha uku Ma'u na share gidan nan, tana daka, tana ɗebo ruwa, tana jiran kalmar nan, ba ta taɓa jin ta ba sai yau. Ta sunkuyar da kai, wani sanyi ya ratsa ta, ta ce amin, Gwaggo, na gode. Illo yana tsugunne yana kallon matarsa tana murmushi.